Ɗuri Ɗaya: Waiwaye Kan Mahalban Bakin Gundumi

Har yau in iska ta kaɗo mini warin albarushi, ko da a hawan salla ne 'yan bindiga suka yi bugu, sai in gan ni a zauren kawuna, a wani ƙauye da ke bakin fadamar Rima tsakanin Wurno da Goronyo. Shekarun nan ne da ake barin fam da sule ana komawa naira da kwabo, wajen 1973. Kawu manomi ne kamar kowa, yana noma gero da dawa a tudu, shinkafa da albasa a fadama. Amma da an kai amfanin gona rumbu, sai ya koma ainihin abin da aka san shi da shi, wato halbi. Mu can ba mu cewa maharbi, mahalbi muke cewa.

Bindigarsa ta toka ce, wadda wasu ke kira harba-ka-ruga. Maƙerin garinmu ne ya yi bakinta da bututun ƙarfe, masassaƙi ya yi mata gindi, kawu da kansa ya naɗe ta da jar fata ya rataya mata layu. Ba ta da harsashin da ake saye a kwali a zura. Kowane halbi sai an haɗa shi da hannu, kuma wannan haɗin shi ne rabin sana'ar.

Da yamma yakan shimfiɗa buzu ya zazzage burgaminsa. A ciki akwai ƙahon sa mai toshiyar itace inda albarushi yake, da 'yar batta ta hulunan jan ƙarfe da ake ɗora wa bindiga don ta kama wuta, da tsummoki da zaren rama, da 'yan jakunkuna na fata guda uku. Ta farko ƙananan ƙwayoyin dalma ne kamar dawa, na zabi da fakara da dinya. Ta biyu masu girman gujiya, na gada da barewa. Ta uku dunƙule-dunƙule ne, ba a taɓa su sai gadu ya addabi gonar rogo ko dankali. Ni aikina riƙe fitila, kuma kullum sai ya ce: "Kai yaro, ja baya da hitilag ga. Albarushi bai san ɗan gida ba."

Ba shi da sikeli. Tafin hannunsa da idonsa su ne ma'auninsa, sai sandar ɗuri da yake zurawa ya duba inda ta tsaya. Abin da ya sani game da bindigar nan, na yawan abin da take ɗauka da wanda ba ta ɗauka, ya same shi ne cikin shekaru, kuma bai taɓa yarda ya ɗura wa wani tasa ba, bai kuma yarda wani ya ɗura masa ba. Yakan ce kowace bindiga da cikinta.

Dalma kuwa tsada gare ta. In ya halbi dabba, lokacin fiɗa sai ya bi da ɗan yatsa ya ciro abin da ya maƙale a nama, ya wanke, ya ajiye. In ya kuskure ya sami kututture, sai ya sa wuƙa ya tono. A narka a kasko, a sake zubawa. Dalma ɗaya tana iya zuwa daji sau uku ko huɗu. Albarushin ma ɗan kaɗan yake sayowa in ya je kasuwar Achida ko ta Goronyo, a ƙunshe cikin takarda, da kuɗin da ya samu daga fatar gada ko cinyar barewa. Da damina yakan rataye ƙahon kusa da rufin ɗaki inda laima ba ta kai ba, don albarushin da ya sha sanyi ba ya tashi, sai ya yi fus ya bar mutum tsaye gaban gadu.

Wannan ƙarancin ba a zamanin kawu ya fara ba. Ƙasar nan tamu ta baka da kibiya ce tun asali, shi ya sa har gobe shugaban mahalba Sarkin Baka ake ce masa ko da bindiga yake riƙe. Baturen nan Clapperton, wanda ya ratsa dajin Gundumi a 1824 kan hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya sake dawowa a 1826 ya ga rundunar Sakkwato ta dubban mutane a yaƙi da Gobirawa, bindigogin da ya ƙirga a cikinta ba su kai hamsin ba. Bindiga daga nesa take zuwa, ko ta hamada daga Tarabulus, ko ta bakin teku ta hannun fatake. Sunan da Turawa ke kiran irin tamu da shi ma daga 'yan kasuwar Denmak ya samo asali, masu sansani a gaɓar tekun ƙasar da ake kira Gana yanzu. Bello ya yi ribaɗi a Wurno, a nan ya rasu a 1837, a nan hubbarensa yake, kuma dakarun da suka tsare wannan iyaka akasarinsu 'yan baka ne da mahaya. Sai bayan da Turawa suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, yaƙi ya kwanta, maƙera suka ƙware, sannan bindigar toka ta bazu ta zama kayan aikin talaka mai tsaron gona. Dokar makamai ta 1959 ta ware mata rukuninta daban, na bindigogin da ake ɗurawa ta baki, ta kuma ce sai da lasisi. Takardar kawu tana cikin wata 'yar jakar fata tare da rasiɗin haraji.

Abin da na fi son in tsaya a kansa shi ne irin mutumin da ɗuri ɗaya yake ginawa. Wanda ya san in ya ja kunama ba shi da wani halbin sai ya zauna ya sake ɗuri, kafin nan duk abin da ke daji ya watse, ba ya yin garaje. Bindigar toka ba ta cin nesa. Dole ka matsa kusa, har ka ga kunnen barewa yana kaɗa ƙuda. Don haka mahalbi na gaske yakan ɓata yini yana karanta sawu, yana zuba ɗan turɓaya ya ga inda iska ta nufa, yana kewayawa don kada warinsa ya riga shi isa. Wasu sukan ɗaura kan burtu a goshi, su lulluɓa da baƙin zane, su riƙa rarrafe suna sunkuyawa kamar tsuntsun yana kiwo, har su shiga tsakiyar garke. Na taɓa ganin wani abokin kawu daga wajen Gandi ya yi wannan, ni da nake laɓe a bayan sabara sai da na daina bambance shi da burtun gaske.

Wata rana da asuba muka kwanta a bakin wani tafki da ya kusa ƙafewa. Barewa ta zo shan ruwa, kusa ƙwarai. Kawu ya saita, ya daɗe, sannan ya sauke bindiga. Da ta tafi na ce: "Kawu, don mi ba ka halbe ta ba?" Ya ce: "Ba ka ga ciki gare ta ba? In na kashe ta, mi za mu halba baɗi?" A ranar, da zabo biyu muka koma gida. Ba wani ma'aikacin gandun daji a wurin, ba wanda zai kama shi. Akwai Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963, amma ban taɓa jin ya ambace ta ba. Abin da ya sani shi ne ba a halbin mai ciki, ba a halbin mai shayarwa, ba a shiga daji da damina lokacin haihuwa, ana yin bisimilla kafin a ja kunama, kuma da dabba ta faɗi a ruga da wuƙa a yanka ta. Na yi imani akwai tsoron Allah a cikin wannan, akwai kuma lissafin mai ƙaramin ƙarfi wanda ba zai zubar da albarushin sule a banza ba. Biyun sun taimaki juna, kuma dajin ya amfana.

Ga manoma kuwa, mahalbi likitan gona ne. Gadu na iya tone kadadar rogo a dare ɗaya. Birai su sauka kan masara, beguwa ta bi gyaɗa, dinya da kirinjijiya su kwana cikin shinkafar fadamar Wurno. Sai a zo a yi sallama da kawu. Ladan ba kuɗi ba ne sau da yawa: damin gero, ko kwandon albasa, ko a saya masa albarushin da ya ƙone. Gadu ba a ci, a can ake barinsa kura ta yi buki. Jan-baki ne kawai suka gagari bindiga, don ba wanda zai ɗura wa tsuntsu dubu, sai yara da gwangwani da majajjawa.

Ba zan ɓoye aibin abin ba. Na san mutum biyu a yankinmu da suka rasa yatsu saboda bakin bindiga ya fashe, ɗaya ya cika ɗuri don zari, ɗayan bututun ne ya yi tsatsa daga ciki. Wani ya manta ya riga ya ɗura, ya ƙara wani a kai. Sannan ga dalmar da ake narkawa a tsakar gida, yara na wasa a gefe, wasu ma har su sa a baki. Ba mu san guba ba ce. Sai a 2010, da gubar dalma ta wajen haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a Zamfara, na tuna kaskon kawu, gabana ya faɗi.

Da na girma na yi karatu, sai na gane ba mu kaɗai ke wannan tattali ba. A Amurka akwai dubban mafarauta da ke tsince kwanson harsashinsu bayan sun harba, su koma gida su sake cika shi don rage tsada, su ware na ƙananan dabbobi masu ɓarna a gona, su ware na barewarsu. Bambancin shi ne su da sikeli da littafin awo suke yi, ƙarfen bindigarsu kuma an gwada shi a masana'anta. Wani bambancin ya fi wannan girma. Tun 1937 suke da dokar da ta sa haraji kan bindigogin farauta da harsasai, kuɗin kuma ana mayar da shi ga kula da namun daji. Barewarsu mai farin bindi da ta ragu zuwa kimanin rabin miliyan a farkon ƙarni na 20, yau ana ƙiyasta ta kusan miliyan 30. Mu kuwa tamu sai baya.

Farin 1973 da na 1984 sun ƙafar da tafkuna, sun kashe ciyawa. Jama'a ta ƙaru, aka sare daji aka yi gonaki, manyan motoci suka riƙa kwasar itace zuwa Sakkwato. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama a 1984 aka buɗe a 1992, ta kawo noman rani da alheri mai yawa, amma ta sauya yadda ambaliya ke shiga fadama, wuraren da tsuntsaye ke sauka suka ragu. Sannan masu hali daga birni suka fara zuwa da mota da fitila mai ƙarfi da bindiga mai baki biyu, su haske idon barewa da dare, su kashe a dare ɗaya abin da kawu ba ya kashewa a rani guda. Gwanki da kanki da tsofaffi ke ba mu labari, ni ban riske su ba. Barewar da na riska, 'ya'yana ba su gan ta ba sai a hoto.

Abin da ya biyo baya kowa ya san shi. Dajin Gundumi da ke ciyar da mahalba ya zama mafakar 'yan bindiga. A watan Yuli na 2018 aka kai hari Tabanni a ƙasar Rabah aka kashe mutane da dama. A watan Oktoba na 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, kasuwar da kawu ke sayen ƙunshin albarushinsa, aka kashe gommai. Hanyar da ta tashi daga Marnona ta ratsa Gundumi zuwa Isa ta daɗe direbobi na gudunta. Yaron da bai kai shekara ashirin ba yana iya zubar da harsashi talatin cikin ƙiftawar ido, ko ɗaya bai san yadda aka yi shi ba, bai kuma yi gumin sayensa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ganin 'ya'yan mahalba da jikokinsu sun ɗauko bindigar toka daga rataye, sun shiga aikin sintiri da ita don kare garuruwansu. Na san ba su da zaɓi, ina kuma girmama zuciyarsu. Amma bindigar nan ba don yaƙi da mai AK-47 aka yi ta ba. Wanda ya tura mutum da ɗuri ɗaya gaban mai talatin ya ɗauki alhakinsa. Tsaron rai aikin hukuma ne, sanin daji kuma shi ne abin da mahalbi zai iya bayarwa: ya san mashaya, ya san burtali, ya san sawun da ya kwana da wanda bai kwana ba.

Kawu ya rasu da daɗewa. Bindigarsa na nan a ɗakin babban ɗansa, bakinta toshe da tsumma, ƙahon albarushin babu komai ciki. Sa'o'insa kaɗan suka rage a Wurno da Rabah da Goronyo, wasu ma suna gudun hijira a gidajen dangi a cikin gari. Ina roƙon ɗalibanmu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, masu nazarin Hausa da tarihi da gandun daji, su je su same su tun suna da rai, su ɗauki muryarsu, su rubuta sunayen tafkuna da dabbobi da ƙa'idojin da suka bi. Kai ma mai karatu, in akwai tsohon mahalbi a unguwarku, ka kai masa goro ka zauna ka tambaye shi.