Fankar da ta shanye mini tukunyar gas

Da yawa a cikinku a kan babur kuka san ni. Da aka hana acaba a wasu sassan Legas a 2022, na sayar da nawa, na shiga koyon walda a shagon wani Bayarabe a nan Agege. Shekara biyu ina kan walda irin ta sanda, wadda kowa ya sani a bakin titi. Bara Oga ya sayo injin da ake kira MIG, wanda waya siririya ke fitowa da kanta daga bakin bindiga in ka danna kunama. A nan na gane ban san komai ba.

Sandar walda tana zuwa da rigarta. In ta ƙone, hayaƙin rigar ne ke kare narkakken ƙarfe daga iska. Ita wannan waya tsirara take, sai gas ɗin da ke biyo ta daga tukunya ya lulluɓe wurin. Namu CO2 ne, don ya fi na argon araha. In gas bai isa ba, iska ta shiga, waldar sai ta fito da ƙananan ramuka kamar cikin burodi. A ido ƙarfe ya haɗu, amma ba ƙarfi.

Aikin farko da Oga ya sakar mini ni kaɗai shi ne ƙafafun tankin ruwa na makarantar Islamiyyar layinmu. Ni na kawo aikin, ni na ce wa malamai su yarda da ni. Tankin lita 2,000 ne, in ya cika nauyin ruwan kaɗai tan biyu ke nan, kuma a gindinsa yara za su riƙa alwala, har da 'yata.

Oga ya tafi Ibadan biki ranar Asabar. Na ja layin farko, sai ga ramuka. Na ce to gas ne ya yi kaɗan, na murɗa regileta. Ramuka. Na ƙara murɗawa har ana jin hucinsa daga bakin ƙofa, abin sai ma ya ƙara lalacewa. Ban san cewa in gas ya fito da ƙarfi fiye da kima yakan hautsine ya jawo iska cikinsa ba. Haka na wuni, ina gurzewa da girinda ina sakewa. Kafin la'asar regileta ta yi fari fat da ƙanƙara, kafin magariba tukunya ta ƙare.

Kuma ba zan ɓoye muku ba, a daren nan na yi tunanin in shafe ramukan da bodi-fila in buga fenti. Wa zai sani? Har na ɗauko gwangwanin. Ban iya ba dai, na rufe shago na tafi gida ban ci tuwo ba.

Ranar Litinin Oga ya dubi aikin, ya dubi tukunya, bai yi faɗa ba, kuɗin ciko kawai ya ce zai cire a nawa. Da aka kawo sabuwa ya ce, "Mala, kar ka taɓa ƙarfe tukuna. Bi gas ɗin nan daga gidansa har inda za shi."

Sai muka bi. Ya saki abin da ke matse waya don kar ta yi ta zuba a banza, ya ce in danna kunama in riƙe. Ashe a lokacin da gas ke gudu ake saita shi, ni kuwa ina saitawa bindiga na ajiye. Ya tsayar da ƙwallon cikin gilashi a wajen 10. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: kaurin waya sau goma, wato wayar milimita 1 tana son kamar lita 10 zuwa 12 a minti. Ni na kai shi sama da 25.

Ya sa na kaɗa ruwan omo na shafa a duk wata mahaɗa. A bayan inji, inda tiyo ya shiga, sai ga kumfa na tashi: kilif ya saki. Muka ɗaure. Ya ce in kasa kunne, duk danna kunama akwai wani "ƙas" da za ka ji a cikin inji, bawul ne ke buɗewa, in ba ka ji ba matsalar tana can. Namu lafiya lau. Ya zare bakin bindiga, ciki ya cushe da tartsatsin da ya daskare, muka kankare. Wani abin da ya ƙara mini, allurar tukunyar CO2 ba ta faɗin gaskiya, tana nan tsaye har sai ruwan ciki ya kusa ƙarewa. A sikeli ake gane saura nawa.

Duk da haka da na ja layi, ramuka ba su tafi duka ba. Oga ya tsaya shiru, sai na ga yana kallon bayana. Fanka ce. Babbar fankar nan ta tsaye da na jawo ranar Asabar saboda zafi, na saita ta daidai kan teburin aiki. Shekara biyu ina walda ta sanda da fanka a bayana ba abin da ya faru, shi ya sa ko a mafarki ban zarge ta ba. Ita ke kwashe gas ɗin kafin ya sauka a kan ƙarfe. Ya miƙa ƙafa ya juya mata kai. Layin da na ja bayan nan ya fito sumul, da wannan ƙara mai daɗi kamar ana suyar ƙosai.

Ba mu kashe ta ba, don hayaƙin walda ba abin shaƙa ba ne. Mun mai da ita gefe tana jan hayaƙi waje, muka jingina fallen kwano tsakaninta da aiki. Kwana uku na yi ina gurje duk waldar Asabar har sai da na ga farin ƙarfe, sannan na sake.

Tankin yana nan a bayan makaranta, wata bakwai ke nan. Duk ranar da na kai yarinya sai na zagaya na duba ƙafar hagu ta baya, don ita ce na fara yi.