Zaki da Naman Raƙumi

Ban taɓa zaton zan tsaya a mahautar Fagge da sanyin safiya ina cinikin naman raƙumi saboda kare ba. Ni da na taso a gidan da kare bai wuce a watsa masa ƙanzo a bakin zaure ba.

Zaki karen gadi ne. Mun karɓo shi yana kwikwiyo shekarar da muka tare a sabon gidanmu can bayan gari, inda daga mu sai kangwaye. Hajiya ba ta so ba, sai da aka yi ta tuna mata cewa malamai sun halatta karen gadi, kuma aka yi mata alkawarin ba zai taka tsakar gida ba. Daren da wasu suka ɗora tsani a katangarmu, haushinsa ne ya tashe mu, ya tashi maƙwabta. Tun daga ranar ta daina kiransa "wannan abin".

A shekararsa ta uku ya fara susa. Da fari mun ɗauka ƙuma ce ko kaska, muka yi wanka da magani, muka yi feshin ɗakinsa. Susar ba ta tsaya ba. Yana lasar tafin ƙafarsa har ya yi jawur, kunnuwansa na wari, gashin cikinsa ya zube. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne dare: karen da ke zagaya gida har asuba ya koma kwance a lungu yana cizon jikinsa. Ni ma barcina ya ƙaura.

Likitan dabbobin da na kai shi bai yi gaggawa ba. Ya kankari fatarsa ya duba ko ƙazuwa ce, ya ce ba ita ba ce. Sannan ya miƙo mini takarda da biro.

"Malam, rubuta mini duk abin da karen nan ya taɓa ci."

Na rubuta: ragowar tuwo da miya, ƙasusuwan kaza, kai da ƙafar kaza da nake saya a wurin masu fiɗa, naman shanu jefi-jefi, da abincin buhu na ƙasar waje da nake haɗa masa in aljihu ya yi nauyi. Ya karanta, ya ja layi a ƙarƙashin miya, ya ce albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, ko da an dafa su. Ya sake jan layi a ƙarƙashin ƙashin kaza, wanda in ya dahu yake tsagewa kamar tsinke ya huda hanji. Sai kunya ta kama ni, shekara uku ke nan ina ba shi.

Game da susar kuwa, ya ce yana zargin borin jini ne, wato jikinsa ya daina yarda da wani abinci. Abubuwan da suka fi jawo wa karnuka haka su ne naman shanu, madara, kaza da alkama, kuma galibi abin da kare ya daɗe yana ci ne ke juya masa baya. Hanyar ganewa ɗaya ce: mako 8 cur a kan nama guda da bai taɓa ci ba, da abin cika ciki guda, ba a haɗa da komai. A Turai sukan nemi zomo ko barewa. Mu a Kano raƙumi ne a kusa. Haka aka yanke: raƙumi da dankalin Hausa, da garin ƙarin sinadarin ƙashi da ya rubuta mini, don tsoka zalla ba ta riƙe ƙashin kare.

Mako biyar ana haka, ja ya fara bajewa, gashi ya fara tsirowa. Sai ranar wata Juma'a autana ya tausaya masa, ya jefa masa fatar kaza ta saman ƙyaure. Kwana biyu tsakani Zaki ya koma susa kamar ba a yi komai ba. Na yi faɗa, amma likita dariya ya yi, ya ce yaron ya yi mana rabin aiki. Muka sake lale daga farko. Da jikinsa ya lafa aka gwada naman shanu na mako biyu, shiru. Kaza ce.

A nan ne na koyi karanta bayan buhu. Wanda nake saya an zana rago a gabansa da manyan baƙaƙe, amma a jerin ƙananan rubutun baya garin kaza ne na biyu. Haka abubuwan gwaguya da ake shigo da su, waɗanda aka naɗe kamar ƙashi: fatar shanu ce da aka wanke da sinadarai, da yawansu an shafa musu ɗanɗanon kaza. Kare na iya haɗiye guntunta ya kumbura masa a ciki. Na ga wani mai tauri kamar itace da ake yi da cukun madarar shanun tsaunukan Nepal, na duba kuɗinsa, na ajiye. Wasu buhunan kuma suna tutiyar ba hatsi a cikinsu, alhali tun 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fara binciken ko irinsu na da alaƙa da wani ciwon zuciya a karnuka. Ka ga an yi gudun gara za a faɗa gidan zago.

Akwai kuma abin da ya dame ni wanda ba na lafiyar Zaki ba ne. A 2017 wani malamin jami'ar Kalifoniya, Gregory Okin, ya ƙiyasta cewa abincin karnuka da kyanwoyi ne ke da alhakin kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na illar da kiwon dabbobin nama ke yi wa muhalli a Amurka. Masu kare kansu a can sukan ce ai kayan ciki da guntattakin da mutane ba sa ci ake ba dabbobin. To a can ke nan. A mahautarmu babu abin da ake zubarwa. Huhu, saifa, tumbi, duk suna da mai su. Fatar ma da ya kamata ta tafi majemar Sharaɗa ko Challawa, ana babbake ta a ci ganda. Duk abin da na saya wa Zaki, da wani ya saya ya kai wa iyalinsa.

Hajiya ce ta faɗa mini wannan ba tare da ta san wani Okin ba. Ta tarar da ni ina yanka nama a bayan gida, ta tsaya ta dube ni.

"Kai, gidan da ke bayanmu rabon su da nama tun Babbar Sallah. Kare kuma na cin raƙumi."

Ban sami amsa ba. Na so in ce mata magani ne, na so in tuna mata daren tsani, amma duk ta san wannan.

Abin da na iya yi kaɗan ne. Da gwaji ya ƙare na daina sayen raƙumi, na daina sayen buhun waje da ledarsa da ba ta ruɓewa. Na koma wurin likita muka tsara kwano: mafi yawansa dankali da tuwon masara ba miya, da kabewa, sai nama gwargwadon abin da ya ce kada a gaza. Na roƙi mahaucina ya riƙa tara mini maƙogwaron shanu da jijiya da abin da ake kankarewa a jikin ƙashi, waɗanda su ne ƙarshen abin da masu saye ke waiwaya. Ina tafasa maƙogwaron in shanya a kan kwano ƙarƙashin raga saboda ƙuda. Da hunturu kwana uku ya bushe ƙayau. Dankali ma ina yanka shi da kauri in shanya. Su ne abin gwaguyarsa yanzu. Ƙashin ƙafar sa kuwa na hana, don taurinsa na fasa haƙori.

Ranar da na je karɓar kaya na farko, mahaucin ya ɗaure mini leda biyu. Na ce ɗaya na yi ciniki. Ya ce, "Alhaji, ai Hajiya ta aiko tun jiya, ta ce duk ranar da ka zo sayen na kare a yanka rabin kilo na mutane, kai za ka biya." Na biya. Autana ne ke kai wa gidan baya duk Asabar, kuma har yau sai na caje aljihunsa kafin ya wuce ta gaban ɗakin Zaki.