Kafin ka sa jirgi a ruwa, tsaya mu yi magana



Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023, mutane da kaya suka koma ƙetare kogin Isa da jirgi, tambaya guda ke ta dawowa cikin saƙonnin masu saurare: in mutum ya tara ɗan jari, ko ya sayi ƙaramin jirgin ruwa mai inji? Wani haya yake so, wani su, wani kuma so yake ya ɗora shi bisa rimok ya kai tafkin Madarumfa ko na Tabalak. Yawancin masu tambayar irinmu ne, ƴan tudu, waɗanda ruwan da muka sani shi ne gulbi in ya kawo da damina. Mun san babur sarai. To amma babur in ya mutu sai ka sauka ka tura. Jirgi in ya mutu tsakiyar kogi, babu inda za ka sa ƙafa. Shi ya sa yau muka ce bari mu zuba muku abin da muka tara daga bakin matuƙa da masunta da makanikai.

Mu fara da saye. Mai sabon shiga jikin jirgi yake kallo, wanda ya daɗe a harkar inji yake kallo. Wanda aka fi gani a koginmu shi ne Yamaha Enduro, mai ƙarfin doki 15 ga ƙaramin jirgi, mai 40 ga babba. Ba talla muke yi ma kowa ba, dalilin a fili yake: injin da kayan gyaransa ke kasuwa, kuma makaniken bakin ruwa ya san cikinsa, ya fi wanda ka samu da araha amma in ya tsaya sai an yi odar ƙarfe daga Kwatano. In na okaziyo za ka saya, kada ka yarda a tada maka shi a busasshe. A tsoma ƙafarsa cikin tano cike da ruwa. Wannan inji da ruwan kogi yake sanyaya kansa, akwai wata ƴar farfelar roba a ciki mai tura ruwan sama, kuma in ta juya babu ruwa, cikin ƙanƙanin lokaci ta ƙone. Da ya tashi, ka dubi bayansa: akwai siririn ruwa da ke tsartuwa, wasu na ce masa fitsarin inji. In ba ya fita, ko yana ɗiga da kyar, ka riƙe kuɗinka. Sannan a kwance maka ƙusar ƙasa ka ga man giya. In ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga, ke nan akwai gyara a gabanka.

Jikin jirgi kuma ya danganta da inda zai zauna. Na katako ya fi sauƙin kuɗi, kuma kafintan bakin kogi na iya liƙe shi, amma ba ya son a fidda shi a shanya a rana. Allunan sai su bushe su buɗe baki. Wanda zai riƙa yawo bisa rimok, na fiba ko na alminiyom ya fi masa, don ba su da nauyi. Sai dai na fiba ba ya shiri da dutse, kuma wajen Ayaru da Tilaberi duwatsu na nan kwance ƙarƙashin ruwa.

Sai maganar esansi, inda da yawa ke kashe injinsu da hannunsu. Irin waɗannan injuna ana gauraya musu esansi da man inji. Ma'aunin da aka saba shi ne kashi ɗaya na mai cikin hamsin na esansi, wato bido mai lita 25 a zuba masa rabin lita. Sabon inji, a awa goma na farko, ana ninka masa man. Ka duba littafin da ya zo da naka, kada ka auna da ido. Mai ya yi kaɗan, inji ya ci kansa. Ya yi yawa, buji ya toshe, hayaƙi ya turnuƙe. Mun san da yawanmu wajen ƴan ruwa-ruwa muke sayen esansi, ba za mu yi kamar ba mu sani ba. In haka ne, ka tace shi, ka bar shi ya kwanta cikin kwalba mai haske. Ruwa ya fi esansi nauyi, ƙasa yake sauka, za ka gan shi da idonka.

Kulawar yau da gobe ba ta da wuya, mantuwa ce ke sa ta tsada. Man giya a canza shi duk bayan awa ɗari na aiki ko wata shida. Ƴar farfelar robar nan a duba ta ko sau ɗaya a shekara, musamman bayan damina, don jan ruwa yashi gare shi, yashi kuwa cin ta yake. Lokaci-lokaci a cire babbar farfela a duba bayanta: zaren koma da igiyar ƙugiya na naɗewa a wurin, su yanke robar da ke tare ruwa. Leda da kainuwa su kan toshe ramukan shan ruwa, saboda haka ko kana tafe, ka riƙa waiwayar wancan tsartuwar. In ka sauke inji ka kwantar, kansa ya fi farfela tudu, kada ruwan da ya rage ya gangara ciki. Kuma jirgi kada ya bar gaɓa sai da buji na canji, makullin buji, igiyar tada inji, filafili biyu, gora doguwa, da abin kwalfe ruwa.

Masu rimok, ku ma ga naku. Daga Yamai zuwa Gaya kusan kilomita 300 ne. In ka sha gudron haka, ƙarafan tayar sun yi zafi. Ka tsoma su cikin ruwa nan take, sai su zuƙi ruwa, giris ya lalace, wata rana taya ta fice a hanya. Ka huta su huce, kafin nan ka ɗaure kaya, ka tabbata ka toshe ramin tsiyayar ruwa na bayan jirgi. Tayar rimok da ke zaune a rana tsagewa take ko ba ta yi tafiya ba. A lulluɓe ta.

Shi kogin ma ba ɗaya ba ne duk shekara. A Yamai, jan ruwa na zuwa Agusta da Satumba, da ƙarfi, ɗauke da itace da shara. Baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga Gine, yana cika wajen Disamba zuwa Janairu. Daga Afrilu zuwa Yuni ruwa ya janye, tudun yashi ya fito, kuma inda ka bi bara ba lalle ne ya biyu bana ba. In yawo za ka, fara da haurawa sama, don in inji ya mutu ruwa ya maido ka gida. Esansinka ka raba uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ajiya. In ka hangi hadari ya haɗo daga gabas, nemi gaɓa tun iskar ba ta iso ba. Dorina kuwa, ba a matsa mata don ɗaukar hoto, balle mai ɗa. Kafin ka fara aiki a kowace tasha, je ka gaida sarkin ruwa da dattawan Sarkawa, ka ɗauki matuƙi ɗan wurin, sannan ka bi ta meri ka ji takardun da ake bukata.

Yanzu ga maganar da ta fi duk waɗannan nauyi. A Fabrairun 2019, wani jirgi da ya taso daga ɓangaren Benin zai kai mutane kasuwar Una ya kife kusa da Sambera, cikin jihar Doso. An cika shi da mutane da kaya, iska ta taso, mutum fiye da arba'in suka ɓace. Duk lokacin da irin wannan ta faru, matuƙi muke zagi. Amma mu tambayi kanmu, wa ya yanka masa kuɗin da zai kawo kowace yamma? In kai mai jirgi kana zaune Maraɗi ko Abijan, ka ɗora ma yaro abin da ba ya fita sai ya ninka lodi, to da hannunka cikin abin da zai biyo baya. Ka shafa fenti a jikin jirgin, layi guda da kowa zai gani, ka ce in ruwa ya taɓa nan ba a ƙara ko buhu ɗaya. Ka yi lissafin ribarka bisa wannan layin tun kafin ka saya. In lissafin bai fita ba, bar kuɗinka ka nemi wata sana'a.

Rigar ruwa, jile ɗin nan, a saye ta daidai yawan kujeru, har da ƙanana na yara, kuma a jiki take aiki, ba a ƙarƙashin benci ba. Mun sha jin ana cewa ai kowa da kwanansa. Gaskiya ne. Amma wanda ya yarda da haka ma yana ɗaure akuyarsa da dare. Masu cika jirgi ranar kasuwa iyayenmu mata ne, da goyo a baya, kuma da yawansu ba su iya iyo ba. Ko wanda ya iya, Hausawa sun ce ruwa kan ci gwani. Matuƙi kuma ya ɗaura jar igiyar kashe inji a hannunsa, don in ya faɗa ruwa inji ya mutu, kada jirgi ya yi ta juyi da mutane ba mai riƙe da shi.

Mu fasinja ma muna da ta cewa. In ka ga an wuce ƙima, sauka ka jira na gaba. Za a yi maka dariya, a ce ɗan tudu ya ji tsoro. Bar su su yi, kai dai ka kwana gida.

Matuƙa da makanikai na Gaya, Ayaru, Yamai da Difa da ke karanta mu, ku kuka fi mu sani. Ku ƙara mana a ƙasa, za mu karanto cikin shiri. Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya tsare na cikinsa, Ya sa albarka a nema.