Daga Kura Zuwa Ƙofar Nassarawa: Ina Tagar Za Ta Kalla?

Duk wanda ya san Kura a da, da shuni ya san ta. Rawanin nan mai sheƙi da Buzaye ke naɗawa, har yau ɗan Kura ake ce masa. Amma tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya biyo magudanai ya ratsa Bunkure da Kadawa da Kura, sai shinkafa da alkama da tumatir suka zama abin da ake sanin mu da shi. Kuɗi ya shigo, shi kuwa kuɗi idan ya shigo gari sai ya nemi ofis.

Haka ta faru a unguwar surukata, can cikin tsohon gari. Wani ɗan kasuwar shinkafa ya sayi kangon da ke jikin katangarta, ya ce zai yi bene hawa biyu na ofisoshi, da manyan tagogin gilashi ta kowane ɓangare. Hajiya ba ta ce komai a kan tsayin ginin ba. Tambaya ɗaya ta yi: "To, ina tagar za ta kalla?" Domin kuwa a tsakar gidan nan mata shida ke turara shinkafa su shanya, daga asuba har la'asar, kuma kowa ya san mace a bakin murhu ba da mayafi take aiki ba.

Da wannan tambaya a raina na shiga mota ranar wata Asabar zuwa Kano, unguwa za ni cikin birni, sai na ce bari in buɗe ido in ga yadda su suka yi da nasu sababbin gine-ginen.

A Ƙofar Nassarawa na sauka. Nan Gidan Ado Bayero yake, dogon bene mai hawa da yawa, wanda Jami'ar Northwest ta fara zama a cikinsa lokacin da aka kafa ta a 2012. Ga kuma gadar sama da aka yi a wa'adin Kwankwaso na biyu. A ganina ginin ya samu wurin da ya dace da girmansa, don yana bakin babban titi ne, a gefen tsohon birni, inda ido ke da filin kallo. Da a tsakiyar lungunan Kurmi aka dasa shi, da magana ta sha bamban.

Daga nan na taka zuwa Gidan Makama, wanda yanzu gidan tarihi ne, kuma asalinsa tun zamanin Muhammadu Rumfa, sarkin da ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499. 'Yar'uwa, idan ba ki taɓa shiga ba ki daure ki kai yara. Rana na dukan ƙeya a waje, amma ina sa ƙafa cikin soron na ji sanyi kamar an kunna fanka. Babu wani asiri a ciki: katangar ƙasa ce mai kauri, wadda zafi ke daɗewa bai ratsa ta ba, rufin azara ne mai tsayi, tagogin kuma ƙanana ne, can sama. Haske na shigowa, iska na fita, amma mai tsayuwa a ciki ba ya hango gidan kowa. Na daɗe ina kallon tagogin nan, har mai gadi ya tambaye ni ko wani abu na yar.

Magina na da sun san abin da muke karantar da ɗalibai a Risala ta Ibn Abi Zaid, inda aka hana mutum buɗe taga kusa wadda za ta tone asirin gidan maƙwabcinsa, ko ya yi ƙofa daidai saitin ƙofarsa. Shi ya sa idan kika shiga zaure ba kya ganin tsakar gida, sai kin karya kwana. Ni kaina na sha karantar da wannan babin, amma ban taɓa haɗa shi da bulo da siminti ba sai ranar.

Ba kuma cewa nake sabon gini laifi ne ba. Babban Masallacin Juma'a da ke kusa da fadar Sarki, da kubbarsa da hasumiyoyinsa biyu, sabon gini ne na 1951, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ga shi yau ba wanda ke masa kallon baƙo. Akwai kuma gyaran da ke cin abin da ya tarar: a 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka maye ta da ta siminti. Motoci sun samu hanya, ƙofar kuwa suna kawai ya rage.

Da na dawo Kura na faɗa wa maigida abin da na gani, shi kuma ya samu mai unguwa, aka kira mai ginin. Bawan Allah bai yi gardama ba, ya ce mai zanen daga Kano ya aiko da takardar, bai taɓa taka unguwar ba. Aka yi yarjejeniya manyan tagogi su kalli titi, na ɓangarenmu kuma su zama ƙanana, sama da tsayin mutum, matakalar bene ta koma ciki maimakon ta bi jikin katangarmu. Mai zanen ya zo da kansa, ya ɗan yi ƙorafin cewa an rage wa ginin kyau, daga baya ya yarda cewa gilashin da ke kallon yamma da ma tanda zai mai da ofishin a watan Afrilu.

Saura maganar janareta. Inda suka ware masa daidai bayan ɗakin Hajiya ne, kuma ta ce ranar Juma'a da kanta za ta je gidan mai unguwa.