Injin Da Ba Ya Shan Mai

A hutun da ya wuce wani abu ya faru a gidanmu wanda nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai labarinsa, har da iyayenmu masu karanta wannan mujalla.

Mahaifina tela ne. Yana da keken ɗinki na ƙafa wanda ya girme ni, yana da na lantarki guda da yake yi wa riguna aiki da shi, ga kuma dutsen guga. Wutar unguwarmu kuwa sai ta ga dama take zuwa. Tun da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023, ɗan janaretan Baba ya zama baƙon da ba ya ƙoshi, rabin abin da aka ɗinka a cikinsa yake ƙarewa.

Ana nan, ran nan sai ga wani mutum ya zo shago da wani akwatin ƙarfe. Ya buɗe, muka ga batura biyu na babbar mota, da moto, da bel, da altaneta, da inbata. Ya ce sunansa janareta marar shan mai. Wai batir ne zai juya moto, moto ya juya altaneta, ita kuma altaneta ta ba shago wuta, ta kuma mayar wa batir abin da ya bayar, haka nan har abada. Ya kunna, ƙwai ya kama, fanka ta juya, ba hayaƙi ba wari. Kuɗinsa ya yi daidai da na raguna biyun da Inna ta yi watanni tana kiwo don a sayar da Layya. Baba ya ce masa ya dawo ran Asabar.

Daren nan ban yi barcin kirki ba, domin abin da mutumin ya faɗa ya saɓa wa abin da malaminmu na kimiyya ya koya mana a zangon da ya wuce.

Malam ya ce abin da ake kira makamashi, watau ƙarfin da ake yin aiki da shi, iri-iri ne. Akwai ƙarfin motsi, kamar na dutsen da aka jefa. Akwai ajiyayyen ƙarfi, kamar na tulun da aka ɗora bisa katanga, ko gwafar harbi da aka ja. Akwai wanda yake ɓoye cikin tuwo da itace da fetur da batir. Sai zafi, da haske, da ƙara, da lantarki. Amma babbar maganar, wadda ya sa muka ja mata layi biyu a littafi, ita ce ba a ƙirƙirar ƙarfi, ba kuma ya ɓacewa. Riga kawai yake sakewa.

Ya kawo mana misali da madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama ginawa a kan kogin Kwara a 1968. Rana ce take ɗaga ruwa sama ya zama girgije, a yi ruwa, ya taru a bayan madatsa yana ɗauke da ajiyayyen ƙarfi. In aka buɗe masa hanya sai ya gangaro da ƙarfin motsi ya juya farfela, farfela ta juya janareta, lantarki ya bi waya ya zo ya zama zafi a dutsen guga. A kowane mataki kuwa wani kaso yakan zille ya zama zafi da ƙara saboda gogayya. Wani Bature ɗan Ingila mai suna James Joule ne ya auna wannan a shekarun 1840. Ya ɗaura nauyi a igiya, nauyin yana sauka yana juya wasu filafilai a cikin ruwa, ya tarar ruwan yana ƙara ɗumi daidai gwargwadon aikin da nauyin ya yi. Don haka ne ake kiran ma'aunin ƙarfi da sunansa, jul. Kafin lita guda ta ruwa ta ƙara zafi da digiri ɗaya, sai ta ci wajen jul 4,200.

To, idan haka ne, altanetar mutumin nan ba za ta taɓa mayar wa batir dukkan abin da moto ya zuƙa ba, balle ta rage wa shago wani abu. Kamar mutum ne ya ɗebi ruwa a randa da kwarya mai yoyo, ya zagaya ya zuba a randar, yana sha a hanya, ya ce randa ba za ta ƙafe ba.

Sanin wannan bai yi mini wuya ba. Abin da ya yi mini wuya shi ne yadda zan gaya wa Baba, alhali ya riga ya ba mutum rana a gaban abokansa. Da na gwada wa Inna, cewa ta yi, "Kai dai ka iya bakinka, kada ka sa a ce boko ya hau maka kai." Amma na lura ta daɗe tana kallon ragunan.

Tsohon keken Baba ne ya fid da ni. Yana da dainamo, ɗan abin nan mai kama da kwalba wanda kansa yake gogar taya ya ba fitila wuta. Ran Juma'a da yamma, Baba yana zaune a kan tabarma, na kifa keken kamar zan sa masa mai. Na juya feda da hannu na saki, taya ta yi ta gudu har na ƙosa da jira. Sai na danna dainamo ya kama taya, na sake juyawa kamar na farko. Fitila ta kawo haske, amma nan da nan tayar ta tsaya.

Na ce, "Baba, me ya sa take saurin tsayawa in fitila tana ci?"

Ya ce, "Kai, yau ka sani? Ai kowane mai keke ya san in an kunna fitila keke yakan yi nauyi. Ƙafarka ce take biya."

Na ce, "To Baba, injin mutumin nan, ƙafar wa take biya?"

Ya dube ni, ya dubi keken, bai ce kome ba. Na yi ƙarfin hali na ƙara da cewa a cikin dainamo maganaɗisu ne yake juyawa kusa da naɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe, dabarar da Michael Faraday ya gano a 1831, kuma ita ce dai a cikin altaneta da janaretocin Kainji. Duk lokacin da aka ja wuta daga ciki, juyawar takan ƙara nauyi. Na kuma gaya masa tun 1775 majalisar masana kimiyya ta Faransa ta daina duba takardun masu cewa sun ƙera inji mai juya kansa har abada. Nan ya ɗaga mini hannu, ya ce Faransa ta yi nisa, in tashi in mayar da keke mazauninsa.

Ran Asabar mutumin ya dawo. Baba ya karɓe shi hannu biyu, aka kawo masa ruwa. Sa'an nan ya ce, "Malam, ga kayan Salla sun taru. A haɗa mini dutsen guga a injin, yaro ya yi ta guga. In ya kai la'asar yana aiki, ka tafi da kuɗinka." Ni kuwa na riga na yi lissafi a bayan littafina. A jikin kowane batir an rubuta bolt 12, amfiya-awa 100, watau wat-awa 1,200, biyu sun zama 2,400. Dutsenmu yana cin wat 1,000. Ko da ba a yi asarar kome ba, in dutsen bai huta ba, ajiyar ba za ta kai awa biyu da rabi ba, ga moto kuma yana cin nasa.

Muka fara da ƙarfe tara. Na taɓa jikin moto na ji ya yi zafi kamar tukunya, bel yana ta kuka. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya inbata ta yi ƙara, kome ya tsaya cik. Mutumin ya ce dutsen ne ya yi wa injin yawa. Baba ya ce, "Allah Sarki, ni kuwa don dutsen nake nema." Ban tsammanin mutumin ɓarawo ne ba, domin ya fi kowa mamaki. Ina jin shi ma ya yarda da abin da ya haɗa.

Da Layya ta zo Inna ta sayar da ragunanta. Bayan kwana kaɗan Baba ya aike ni in kira mai sayar da faifan hasken rana. Kafin a fara ciniki ya juyo gare ni a gaban mutumin ya ce, "To ɗan boko, shi kuma wannan ƙafar wa take biya?" Na ce ta rana ce, kuma ko shi wajen kashi ɗaya cikin biyar na hasken da ya sauka a kansa yake mayarwa lantarki. Baba ya ce in ɗauko littafin lissafin nan nawa in zauna kusa da shi.