Daga Kantin Kwari Zuwa Bencin Ɗalibai

Shekara 17 ya yi yana sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari kafin ya sake zama a gaban allo. Takardar digirinsa ta daɗe a ƙasan akwati, bai kuma taɓa jin kewarta ba, domin kasuwa ta koya masa sanin yadi da taɓi da sanin mutum da kallo. Abin da ya tashe shi daga shago wata asara ce da ya kasa gane kanta.

A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da ake saye kimanin naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, kasuwar bayan fage ma ta bi sahu. A tsakanin nan aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka, abokan cinikinsa na Maraɗi da Damagaram da suka ɗauki kaya bashi suka jinkirta biya. Kowane turmi ya sayar da riba, kowa kuma ya biya shi daga baya, amma da ya tara kuɗin sai ya tarar ba za su mayar masa da dilolin da ya fitar ba. Babu wanda ya cuce shi, ga shi kuma jari ya zaizaye. Da wannan damuwa ya nemi gurbin digiri na biyu a Makarantar Nazarin Kasuwanci ta Dangote da ke Jami'ar Bayero.

Makonnin farko sun yi masa nauyi. Mutumin da yaran shago ke rusunawa su ce masa maigida ya koma yana ɗaga hannu yana jiran izinin magana daga malamin da ya girme wa. Matasan ajin suna kiransa Baba cikin ladabi, amma idan aka raba aikin rukuni sai su ba shi mafi sauƙi, saboda da yatsa ɗaya yake latsa kwamfuta. Bayan sallar isha'i 'yarsa da ke sakandare take zaunar da shi ta nuna masa yadda ake haɗa lissafi a Excel. A gwajin farko na ilimin akanta ya ga makin da ya sa ya ninke takardar ya tura aljihu, ya kwana yana tunanin ko ya haƙura.

Wata rana malami ya tsaya a kan bambancin riba da kuɗin hannu. Ya bayyana cewa idan darajar kuɗi tana faɗuwa, wanda ya yanka farashi bisa abin da ya sayo kaya jiya yana cin jarinsa ne, sai dai ya yanka bisa abin da zai sake sayo su gobe. Bashin da ya daɗe kuwa kullum ƙanƙancewa yake yi. Nan take ya gane ciwon da ya kwantar da shi. Ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wannan a kaina ya faru." Ya ba da labarin dilolinsa daki-daki, aji ya yi tsit.

Wata ɗaliba ta ce, "Baba, don me ba ku rubuta yarjejeniya ba?" Sai ya yi musu bayanin yadda amana ke ɗaukar kaya daga Kano zuwa Maraɗi ba tare da sa hannu ba, da yadda dillali da mai masauki ke tsaya wa baƙo, da yadda ranar da ka nemi abokin shekara goma ya sa hannu ka rasa shi. Malamin ya ajiye abin rubutu ya saurara. Daga ranar rukuninsa suka daina ba shi aiki mafi sauƙi.

Har yanzu karatun bai daina gajiyar da shi ba, kuma bai daina ba da bashi ba. Sai dai yanzu kowane bashi yana da ranar biya a littafi, kuma kafin ya faɗi kuɗin turmi da safe sai ya fara tambayar nawa dala ta kwana.