Labarin Birnin Durban Da Baƙinsa

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, watau da hantsi ya yi sai a neme shi a rasa. Maganar gaskiya ce ga wanda ya zo gaisuwa, ko ya zo cin kasuwar kwana biyu. Amma akwai wani irin baƙo wanda ya kan zo da guminsa, ya sare daji, ya yi aure, ya haifu, har a binne shi a wurin. To, shi wannan yaushe za a bar kiransa baƙo? Tambayar nan ta daɗe tana ci mini rai, kuma ban ga inda ta fito fili ba kamar a labarin wani birni na bakin teku a ƙasar Afirka ta Kudu, wanda a ke kira Durban. Labarinsa na ke so in ba ku, ku 'yan'uwana da kuka daure kuka koyi karatu da girmanku, gama ribar karatu ke nan, mutum yana zaune a zaurensa ya san abin da ke bayan teku.

Birnin yana gaɓar gabas ta ƙasar, yana fuskantar Tekun Indiya, cikin lardin da a ke kira KwaZulu-Natal. Shi ne gari mafi girma a lardin, ko da ya ke ba shi ne hedkwata ba. A ƙidayar 2022, mutanen birnin da kewayensa sun haura miliyan 4. Da ya ke yana can kudu da tsakiyar duniya, lokatansu a juye su ke da namu. Sa'ad da mu ke rawar ɗari a watan Disamba da Janairu, su suna fama da gumi da ruwan sama. Sa'ad da daminarmu ta kankama a Yuni da Yuli, su kuwa sanyi-sanyi su ke ji, sararin sama garau. Sanyin nasu ba ya tsananta, domin akwai wani ruwa mai ɗumi da ke gangarowa cikin teku daga arewa, yana bin gaɓar. Ruwan sama ya kan kai kimanin inci 40 a shekara. Saboda haka rake da ayaba da mangwaro ba su da wuyar fita a ƙasar.

Abin da ya haifi garin shi ne wani babban tafki na ruwan teku, wanda wani dogon tudu ya kare daga iska, aka bar masa ƙofa guda ƙuntatacciya. Zulu, watau mutanen ƙasar, suna kiran wurin Etekwini, ma'anarsa wajen tafkin teku. A 1497 wani matuƙin jirgi mutumin Fotugal, Basko da Gama, ya gifta gaɓar a lokacin Kirsimeti, ya sa mata suna Natal, watau haihuwa da harshensu. Aka shekara fiye da 300, sa'an nan a 1824 waɗansu 'yan kasuwa Turawan Ingila suka sauka suna neman hauren giwa, Sarki Shaka na Zulu ya yarje musu su zauna. Kun ga ke nan su ma da baƙunci suka fara. A 1835 suka raɗa wa ƙauyen nasu sunan Gwamnan Kef na lokacin, wanda a ke ce wa D'Urban. A 1843 Ingila ta haɗiye ƙasar Natal ɗungum.

Amma tafkin yana da aibi guda. Teku ta kan tara rairayi a ƙofarsa, har babban jirgi ba ya iya shiga, sai ya tsaya a waje a riƙa jidar kaya da ƙananan kwale-kwale. Aka yi shekaru masu yawa ana gina katangun duwatsu cikin ruwa, ana yasar ƙofar kamar yadda mu ke yasar rijiya, sai a 1904 babban jirgin wasiƙu ya fara shiga ciki. Kafin nan, a 1860, an shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta kimanin mil 2 daga kwata zuwa cikin gari, ita ce ta fara aiki a ƙasar duka. Da aka sami zinariya a wajen Johanasbag a 1886, aka ja hanyar har ta isa can a 1895. Wanda ya san yadda gyaɗar Kano ta riƙa bin hanyar jirgi zuwa Ikko bayan 1912, ya gane sha'anin: arziki yana tudu, ƙofarsa tana bakin ruwa. Har yanzu fiye da rabin manyan akwatunan ƙarfe na kaya, waɗanda a ke kira kwantena, da ke shiga ƙasar ko fita, ta Durban su ke bi. Ƙasashen da ba su da teku, irin su Zimbabuwe da Zambiya da Botsuwana, su ma suna aiko da kayansu ta nan, sukari kuwa da motoci suna fita zuwa ƙasashen duniya.

Aikina na akawu ya koya mini abu guda: in ka ga shafin riba ya cika, juya ka duba wanda ya biya. Turawa sun ga ƙasar za ta yi rake, amma Zulu suna da shanunsu da gonakinsu, ba su ga dalilin da za su yi wa wani bauta a kan 'yan kuɗi kaɗan ba. Sai aka juya Indiya. Ran 16 ga Nuwamba 1860 jirgin farko, mai suna Turo, ya iso daga Madaras da mutum 342. Daga nan zuwa 1911 an kawo wajen mutum 152,000. Kowa ya kan sa hannu a takarda zai yi aikin shekara 5, ladan namiji sule 10 a wata a shekarar fari, da ɗan abinci. Ba shi da ikon barin gonar sai da takardar izini. Da wa'adinsu ya cika, da yawa suka ƙi komawa, suka kama noman kayan lambu da su da ƙananan sana'o'i. Sai hukuma ta ga raɓa ta ƙi bushewa, a 1895 ta yi dokar harajin fam 3 a shekara a kan wanda ya gama wa'adi ya zauna. Ku yi lissafi da kanku: fam 3 sule 60 ne, watau ladan wata 6 na sabon lebura.

Akwai kuma waɗanda suka biya kuɗin jirginsu da kansu, yawancinsu Musulmi 'yan kasuwa daga Gujarat. Su suka kafa babban masallacin Juma'a na tsakiyar gari a cikin shekarun 1880, wanda har yau yana cikin manyan masallatai na kudancin Afirka. Daga 1873 kuma aka riƙa kawo waɗansu bayi baƙaƙe da aka ƙwato daga jiragen masu fataucin bayi, Musulmi ne da yawansu, aka riƙa kiransu mutanen Zanzibar. Jikokinsu suna nan riƙe da addininsu. Shehu Ahmad Didat, wanda da yawanku kun ga muhawararsa a faifai, an haife shi a Indiya a 1918, ya zo Durban yana yaro a 1927, a nan ya yi wa'azinsa, ya rasu a 2005.

Wani ɗan kasuwa Musulmi, Dada Abdullahi, shi ya sa aka kawo wani saurayin lauya daga Indiya a 1893 don wata shari'ar bashi. Sunansa Gandi. Da ya shiga kotu a Durban, majistare ya ce ya cire rawaninsa. Kowane Bahaushe ya san abin da a ke nufi in an ce wa mutum ya tuɓe rawani a bainar jama'a. Ya ƙi, ya fita. Bayan 'yan kwanaki aka fitar da shi daga jirgin ƙasa da dare, alhali yana riƙe da tikitin faskila, ba don kome ba sai launin fatarsa. Ya zo da niyyar shekara guda, sai ga shi ya kai 1914, bai tafi ba sai da aka soke harajin nan na fam 3 bayan babban yajin aikin 1913. Dabarar da ya yaƙi Ingila da ita a Indiya, ta ƙin bin dokar zalunci ba tare da ɗaukar makami ba, a Afirka ta Kudu ya fara gwada ta.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda aka mai da masu gida baƙi. A wancan zamani Bazulu ba shi da ikon zama cikin birnin sai da takarda, in aikinsa ya ƙare a ce ya koma ƙauye. Tun daga dokar 1908, hukumar gari ta hana kowa sayar da giyar gargajiya sai ita, ribar gidajen giyan kuwa da ita a ke gina barikokin leburori, a ke biyan masu tsaronsu. Watau da kuɗin aljihun mutum a ke saƙa igiyar da za a ɗaure shi. A 1959 mata suka fusata, suka afka wa gidajen giyan da sanduna. A bayan garin nan ne kuma Jon Dube ya kafa makarantar Ohlange da jaridar harshen Zulu, ya zama shugaban farko na ƙungiyar da ta koma ANC, wadda aka kafa a 1912. Albat Lutuli, baƙar fata na farko a Afirka da ya sami lambar Nobel ta zaman lafiya, ta shekarar 1960, garinsu yana arewa da birnin kaɗan.

Wanda aka danne, in bai iya kai hannu ga na sama ba, sai ya huce a kan na kusa da shi. A Janairu 1949 faɗa ya tashi tsakanin Zulu da Indiyawa daga 'yar rigima a bakin kanti, kafin a kashe wutar mutum 142 sun halaka. A 1950 gwamnatin wariyar launin fata ta yi dokar raba unguwanni. Aka rushe unguwar Kato Mano, inda jinsunan biyu ke maƙwabtaka, aka kwashe baƙaƙe zuwa KwaMashu da Umlazi, Indiyawa zuwa Catswat, tudun da ke shan iskar teku kuwa aka bar wa Turawa. Amma a Janairu 1973 leburorin wani kamfanin bulo suka ajiye aiki, cikin wata 3 wajen mutum 60,000 suka bi sahu, daga nan ƙungiyoyin ƙwadago na baƙaƙe suka farfaɗo. Mu ma a Nijeriya ba mu naɗe hannu ba, gama a 1976 an buɗe asusun taimakon kudancin Afirka, ma'aikata suka ba da daga albashinsu, 'yan makaranta daga kuɗin abincinsu. Ran 27 ga Afrilu 1994 Mandela ya jefa ƙuri'arsa ta farko a makarantar nan ta Dube. A Yuli 2002 kuma a Durban aka ƙaddamar da Tarayyar Afirka.

Da labarin ya ƙare a nan, da na ajiye alƙalami da farin ciki. Amma a Afrilu 2015, a birnin nan da aka ɗaura auren Afirka, aka tasam ma baƙi 'yan Afirka, mutanen Malawi da Mozambik da Kwango da Habasha da sauransu, aka wawashe kantunansu, aka kashe waɗansu, dubbai suka kwana a tantuna. Laifinsu wai sun zo cin arzikin masu ƙasa. A Yuli 2021 wata tarzoma ta ci fiye da mutum 300 a lardin da wajen Johanasbag, tsohon mikin 1949 ya sake ɓarkewa a unguwar Finiks. A Afrilu 2022 kuma ambaliya ta kashe fiye da mutum 400, ta fi yin ɓarna a bukkokin talakawa da ke rataye a gefen tuddai da bakin rafuffuka. Ruwan bai tambayi kowa takardar zama ba.

Kada mu yi saurin nuna su da yatsa. Ba kabilar da ta kai Bahaushe sanin baƙunci. Kakanninmu sun bi goro har Gwanja, sun kafa zango a Kumasi da Ankara, sun bi hanyar Makka sun zaune a Sudan. A 1969 gwamnatin Gana ta kori baƙi, 'yan'uwanmu da aka haifa a can suka dawo da ƙunshin kaya a ka. A 1983 mu kuma muka kori fiye da mutum miliyan 1 daga Nijeriya. Mun ɗanɗana, mun kuma ɗanɗana wa wani. A garuruwanmu akwai Sabon Gari da Tudun Wada, akwai wanda kakansa ya zo aikin reluwe, shi an haife shi a nan, ba ya jin wani harshe kamar Hausa, amma in ya je neman takardar shaidar asali sai a ce masa baƙo ne.

Tun muna makarantar allo malaminmu ya ba mu labarin mutanen Madina, yadda suka karɓi waɗanda suka yi hijira daga Makka, suka raba da su gida da gona. Ni a ganina birnin Durban ya nuna abu biyu. Na fari, arzikin gari da gumin mutane iri-iri a ke tara shi, wanda ya cire sunan wani daga lissafin ya ci amanar littafi. Na biyu, duk inda aka ga talakawa biyu suna rikici a kan wane ne baƙo, a duba da kyau, akwai na uku da ke cin ribar rigimar. Saboda haka ran da wani ya zo ya raɗa maka cewa maƙwabcinka baƙo ne, tambaye shi shekara nawa mutumin ya yi yana biyan haraji tare da kai, kuma wa ya zo maka da bokitin ruwa ran da gobara ta kama. Allah ya ba mu zama lafiya, da mu da baƙinmu, ya kuma tsare 'yan'uwanmu da ke baƙunci a ƙasashen mutane, amin.